Ta Cikin Madubin Baba

Ranar da ya fara ganinta, idonta kawai ya gani, shi ma a cikin madubi.

Asabar ce da la'asar, saura minti ashirin a fara shirin Kambi Ɗaya, sai talabijin ɗin shagon askin Baba ta ɗauke ɗif. Shagon kuwa a cike yake, wasu a benci, wasu a tsaye, wani ma da rabin kansa a aske. Shirin labarin tagwaye ne da sarki ya mutu ya bari: Yarima mai tabo a fuska, wanda wuta ke jin maganarsa, da Gimbiya mai rundunar tsuntsaye. Kowanne ya ce shi aka fara haifa. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, wani tsohon Jarumi mai ido ɗaya, shi kuma ya yi wa sarki rantsuwa ba zai faɗa ba. Unguwa ta rabu biyu a kan wannan, har masu shayi sun san bencin 'yan Yarima da na 'yan Gimbiya.

Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, ɗinki take a ɗakin da ke bayan shagon. Kunya ba ta barinta shiga cikin maza, don haka takan ɗan janye labulen ƙofa ta kalli shirin ta babban madubin da Baba ke aski a gabansa.

Mai gyara ya zo da jakarsa a kafaɗa, ya hau kujera, sukundireba a bakinsa. Yana cikin haɗa waya ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin nata. Ta saki labule da sauri. Shi kuwa sukundirebar ce ta faɗo daga bakinsa a kan cinyar wani.

"Malam, mu ka zo gyarawa ko talabijin?" in ji mutumin. Shago ya kwashe da dariya.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Salamu alaikum. Mai gyara ne. Na ga lambarki a allon ɗinki. Aljihun rigata ya yage."

Ya kawo rigar. Kallo ɗaya ta yi wa aljihun ta gane da almakashi aka yanka shi. Ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta.

"Ke 'yar wa ce a shirin?" ya tambaya.

"Gimbiya," ta ce a hankali. "Amma kada Baba ya ji. Shi ɗan Yarima ne. Ni wannan tabon nasa na kuncin dama ma tsoro yake ba ni."

"Hagu dai."

"Dama ne. Wata huɗu ina kallonsa."

Ya dubi labulen, ya dubi madubin, ya fashe da dariya. "Ai ke duk masarautar a juye kike ganinta!"

Daga ranar ya sa mata suna Madubina. Ita kuma ta ce masa Injiniya, tun tana faɗa da zolaya har ya zame mata suna. Da ya je ya gaida Baba ya nemi izinin zuwa zance, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka gyara min talabijin a kan lokaci. Mu ga sauran halinka."

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Mai Turare, mai babban shago a bakin titi. Shekara guda yana kawo wa Auta ɗinkin da bai buƙata, tana karɓa ba ta ɗago kai. A benci kuwa ya fi kowa ihun Yarima, musamman in Baba na kusa.

Wata rana Injiniya ya yi suɓutar baki ya gaya mata cewa dish ɗin da yake gwada dikoda da shi a shagonsa yana kama wata tasha da ke gaba da tasu da mako uku. Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Injiniya, Jarumi kawai nake tambaya. Me zai same shi?"

"Madubina, ki bari ki gani da idonki. Ya fi daɗi."

"Baba na son mutumin nan kamar ɗan'uwansa. Ina so in shirya zuciyata ne. Wallahi daga ni sai ni."

Sau biyu yana ƙi. A na uku ya rubuto:

"Ranar Asabar Yarima zai sa a jefo shi daga hasumiya, don ya ƙi faɗin wanda aka fara haifa. Ki goge saƙon nan."

Ta goge saƙon, amma bai gogu a kanta ba. Kwana biyu tana yawo da shi kamar garwashi a tafin hannu. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta warware, ta sake ɗinkawa a baibai.

Ranar Alhamis Mai Turare ya zo karɓar kayansa, ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Wai har yanzu mai hawa rufin mutanen nan yana zuwa? Ki jira Asabar ki gani, Jarumi da hannunsa zai ɗora wa Yarima kambi. Irin mu muka san shirin nan, ba masu ɗaura waya ba."

Ranta ya ɓaci. Kafin ta ankara bakinta ya riga ta.

"Jarumin da Yarima zai jefo daga hasumiya ranar Asabar?"

Ya daina kaɗa makullin. "Wa ya gaya miki?"

Ta kama bakinta da hannu. Shi kuwa ya yi murmushi, ya ɗauki ledarsa ya fita.

Ranar Asabar, ana saura minti biyar a fara, ya miƙe a tsakiyar shago. "Jama'a, ku daina wahalar da kanku. Yau Yarima zai kashe Jarumi. Mai gyara ne yake bin mutane yana faɗa, ni ma a hanya na tsinta."

Aka yi masa caa. Amma da tsohon ya faɗo daga hasumiya, tsuntsaye suna kewaya shi, shagon ya yi tsit. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya yi kuka, don an riga an kashe musu shi tun kafin ya mutu. 'Yan Gimbiya ma ba su samu bakin yi wa 'yan Yarima dariya ba. Baba ya kashe talabijin da kansa.

Da Injiniya ya zo washegari, Auta tana bayan labule.

"Kai ka faɗa?" in ji Baba.

"Ni na faɗa, Baba."

"Wa ka gaya wa?"

Auta ta ga idon Injiniya a madubi. Bai ko kalli labulen ba.

"Laifin nawa ne, Baba. Ka yi haƙuri."

Baba ya ajiye almakashi. "Shekara talatin ina aski. A kujerar nan mutum ke gaya min ciwon da matarsa ba ta sani ba, da rigimar gidansu, da abin da ya hana shi barci. Ko ɗaya bai taɓa ƙetare ƙofar nan ba. Shiri wasa ne, na sani. Amma wanda bai riƙe maganar wasa ba, ta gidansa zai riƙe? Kada ka ƙara zuwa, kada ka ƙara kiranta."

Da yamma saƙo ɗaya ya shigo.

"Baba ya ce in daina, zan bi maganarsa. Ki kular min da kanki, Madubina."

Ta rubuta masa sau bakwai, babu amsa. Ta ce a ranta fushi yake, kuma ya isa ya yi. Kwana goma ta yi tana kai da kawowa tsakanin keken ɗinki da taga. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa. Abinci ya ƙi wuce mata. Umma ta taɓa goshinta ta ce, "Wannan zazzaɓin ba na asibiti ba ne."

Sai ga Baba ya ce mata, "Mai Turare ya ce zai turo manyansa. Ba zan yi miki dole ba, Auta. Amma wancan kam, na rufe."

Da safe, kafin kowa ya zo, ta shiga shago da wankakkun tawul. Baba na goge kilifa da ɗan burushi. Ta kasa kallonsa, sai ta tsaya a bayansa ta kalle shi ta madubi.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni kaɗai ya gaya wa, bayan na dame shi. Ni na gaya wa Mai Turare. Bai bi kowa ya faɗa ba." Hawaye suka zubo mata. "Ka tambaye shi wa ya gaya wa, ya ƙi faɗin sunana. Bakina ne ba ya riƙe magana, ba nasa ba."

Baba ya daɗe yana goge kilifar da ta riga ta fita fes. Can ya ce, "Kwana goma yana shan zagin unguwa, an daina kai masa gyara, bai ce uffan ba?" Ta gyaɗa kai. Ya ɗauki wayarsa. "Kai mai gyara, talabijin ta lalace. Zo yanzu."

Injiniya ya iso yana haki, ya tarar talabijin na aiki lafiya lau.

"Zauna," in ji Baba, yana nuna kujera. Ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna kilifa. "Ka ga ƙarshen shirin?"

"Na gani, Baba."

"To gaya min wa zai ci kambi, in ba ka Auta yau ɗin nan."

Bayan labule, Auta ta cusa gefen mayafinta a baki.

"Baba, ka yafe ni. Sau ɗaya na yi, na ga abin da ya jawo."

"Ko da za ka rasa ta?"

Injiniya ya ce, "Zan ci gaba da roƙonka har ka gaji da ni. Amma wannan ba zan faɗa ba."

Baba ya kashe kilifa. "To sauka. Ka gaya wa mahaifinka ina son ganinsa." Ya ɗaga murya. "Ke kuma mai leƙe, ki koyi riƙe baki a wurin mijinki."

Da Mai Turare ya zo aski ranar nan, Baba ya yi masa tsaf, ya kakkaɓe masa wuya, sannan ya ce a kunnensa, "Ka ce wa manyanka su huta." Babu wanda ya ji sai shi.

Ranar kashi na ƙarshe, Baba ya sa aka ajiye kujeru biyu a gaba, ɗaya ta Umma, ɗaya ta Auta. Karo na farko ke nan da ta kalli talabijin ɗin kai tsaye. Yarima na bayyana ta zaro ido, ta laluɓo wayarta ta rubuta wa Injiniya:

"Ashe a hagu yake."

Daga can bakin ƙofa amsa ta zo: "Na gaya miki, Madubina. Saura kwana shida a ɗaura mana aure."

Kambin dai babu wanda ya ci shi. Tagwayen suna kokawa a kansa ya suɓuce ya faɗa teku. Shago ya kaure da ihu, 'yan Yarima da 'yan Gimbiya suka haɗu a benci ɗaya suna tsine wa wanda ya rubuta shirin. Baba ya juyo ya nuna Injiniya da tsinin almakashi.

"Kai ka san haka za a yi, ka bar mu muna ta haƙilo?"

"Ai kai ka koya min, Baba."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, duk benci biyun suka halarta. Da za a tafi da ita, Baba ya ciro ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu da shi, ya sa mata a hannu.

"Abin da ya faru a ɗakinku, ya tsaya a ɗakinku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Umma ta ce amin tana share ido. Auta ta ɗaga madubin kaɗan a ƙarƙashin mayafi, ta hango angonta a bayanta yana murmushi. Sai ta sauke shi, ta juyo, ta kalle shi ido da ido.