Malaman Kurmin Unguwar Rimi

"Mama, wai da gaske ne mijin Anti Zuwaira tsutsa yake ci?"

'Yata Saratu ce ta jefo tambayar, a gaban mutumin kuwa, yana tsaye a zaurenmu. Na toshe mata baki, shi ya yi dariya. Ni ban yi ba, don irin wannan magana ta kusa cin ransa.

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, Zuwaira maƙwabciyarmu ta gangara kurmin mahaifinta, Malam Husaini, a bakin kogi, za ta tsinko ganyen magani. Ta tarar da wani saurayi a durƙushe da kwalba a hannu, yana leƙen bayan ganye.

"Me ka yar?"

"Don Allah kada ki motsa," in ji shi.

Wani malam-buɗe-littafi ne shuɗi, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya sauka a kan mayafinta. Saurayin ya dubi ƙwaron, ya dubi mai mayafin, ya rasa wanda zai ci gaba da kallo.

Sunansa Nuhu, yana aiki a wani ofishin binciken ƙwari. Ya gaya mata irin wannan shuɗin ba ya ƙwai sai a kan wani yaɗo guda mai son inuwar kurmi. Masu itace na sare inuwar, mafarauta na cinna wuta, masu lambu na feshi, yara kuma na kamawa su kai wa baƙi masu soke su da allura. Shi ya sa yake renon tsutsar a kwalba, in ta yi fiffike ya sake ta.

Ya fara zuwa zance. Tana ce masa Mai Kwalba, yana ce mata Shuɗiya. Sunan ƙwaron ya yi musu tsawo, suka gajarta shi ya koma "malam".

Akwai Bala, mai kai itace gidajen burodi, wanda ke son Zuwaira, yake kuma son kurmin. Wata yamma ya raɓe a bayan katanga ya ji Nuhu na cewa:

"Malamai sun kusa ƙarewa a garin nan, Shuɗiya. Shi ya sa nake tara nawa a kwalba."

Bala bai ƙara ko kalma ba, haka ya kai wa Malam Husaini maganar. Malam ya kira 'yarsa.

"Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa, Baba, amma..."

"Ya isa. Kada in sake ganinsa a ƙofata."

Nan da nan unguwa ta ɗauka: matsafi ne, malamai yake sawa a kwalba. Mata suka daina barin yara a waje. Aka jefi kekensa. Malam ya ba Bala izinin share kurmin ranar Asabar, samari suka rantse in suka tarar da Nuhu a ciki, da shi za su haɗa.

Ranar Juma'a Nuhu ya tare ni a hanyar famfo, ya miƙo mini kwalba a naɗe cikin tsumma.

"Maman Saratu, ki kai wa Shuɗiya. Abin da ke ciki ya yi duhu, gobe da hantsi zai fito. Ki ce mata ina kurmin, ba zan gudu ba."

Da sassafe muka fara jin gatari. Hayaƙi ya taso daga bakin kogi. Zuwaira ta zauna ta ƙura wa kwalbar da na kai mata ido. Da abin ya fara tsagewa, ta shiga zauren mahaifinta, ta durƙusa a gaban baƙinsa.

"Baba, ga malamin."

Wani abu kamar busasshen ganye ne rataye a jikin tsinke. Ƙwaron ya fito a jiƙe, a cukurkuɗe, ya daɗe, sannan ya buɗe fiffike, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Subhanallahi," in ji Malam. "Malam-buɗe-littafi?"

"Shi ne, Baba. Su ne za su ƙare."

Bai tsaya neman hula ba. Ko da ya isa kurmin, rabi ya zama toka. Nuhu na jingine da wata bishiya, jini na zuba daga goshinsa, samari sun kewaye shi.

"Duk wanda ya ƙara sara, ni ya sara!" in ji Malam. Gatura suka sauka. Bala ya sulale. Malam ya juya ga Nuhu. "Kai kuma, yaro, in za ka yi magana ka riƙa ƙarasa suna. Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Malam ya haɗa hannayensu ya ce Allah ya yi albarka, ya ba da zuriya tagari, ya kuma bar musu abin da ya rage na kurmin amana. Tabon goshin ango bai hana amarya cewa ya fi kowa kyau ba.

Sai dai rabin da ya ƙone bai dawo ba. Bana Nuhu ya yi damina guda yana zagaye, malamai kaɗan ya gani.

Don haka ke uwa, in ɗanki ya shigo da shuɗin nan a dunƙule, buɗe masa hannu tun ƙwaron na motsi. Kai kuma mai ashana a aljihu, kada ka kusanci bakin kogin nan. In ka cinna, babu wani kurmin da za su koma.