Raƙumin da Ya Haɗiye Kasuwa

Wata Litinin a shekarar 1986, Malam Maharazu ya shigo aji shida a Illela da kyamara rataye a wuya.

"A jami'a ana koya wa kwamfuta haɗa hotuna su zama taswira," in ji shi. "Mu ba mu da kwamfuta, amma muna da almakashi da gam. Za mu yi taswirar hanya, daga makaranta har shingen iyakar Kwanni."

Doka ɗaya ya kafa. Kowa zai ɗauki hoto uku. In ya gama, ya kai na bayansa inda ya tsaya, ya nuna masa alamar da ba ta motsi.

A ajin akwai wata yarinya mai ɗaukar na ɗaya kullum. Wannan ya sa kanta ya kumbura. Murna take yi, don shagon atamfar babanta yana kan hanyar, a rabon ƙawarta Umma. Ranar ɗaukar hoto, tun da safe Baba ya sha babbar riga, ya tsaya ƙofar shago yana jiran kyamara.

Yarinyar ta ɗauki nata a bakin kasuwa, ta dawo ta miƙa wa Umma kyamara.

"Zo ki nuna min wurin," in ji Umma.

"Haba Umma, sai na ja ki da hannu? Akwai raƙumi kwance. Daga nan za ki fara."

To, shi raƙumi bai halarci darasin Malam ba. Mai shi ya ɗora masa kaya, suka kama hanya. Umma baiwar Allah ta yi ta nemansa, sai can dab da shinge ta same shi. Nan ta ɗauki hotunanta.

Bayan mako guda aka wanko hotuna daga Sakkwato. Malam ya jera su, ya haɗa raƙumi da raƙumi. Sai ga shingen Kwanni manne da bakin kasuwa. Rumfuna, masallaci, shagon Baba, duk babu.

"Malam, raƙumi ya haɗiye kasuwa," in ji wani yaro mai suna Hamidu. Aji ya fashe da dariya.

Yarinyar kam kunya ta rufe ta. Ta miƙe a hankali.

"Malam, laifina ne. Ban raka Umma ba."

Da yamma Baba ya tare ta da fara'a. "Ɗiyata, mi hotona ya yi? Rigar ta fito?"

Sai hawaye. Ta faɗa masa gaskiya duka.

"Ashe har azahar ina shan rana, raƙumi ke shan hoto," in ji Baba. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Washegari Malam ya ba su sabon fim. Yarinyar ta riƙe hannun Umma har gindin tsamiyar bakin kasuwa. Hamidu ya gwada ture itacen da kafaɗa, ya ce wannan kam ba ya zuwa Kwanni.

Ranar da aka kafe taswira a bango, ga Baba nan tsakiya cikin babbar rigarsa. Ya daɗe yana kallon kansa.

"Aikin tare ba na mai na ɗaya ba ne shi kaɗai," in ji Malam. "Naka bai ƙare ba sai ya haɗu da na ɗan'uwanka."

Daga ranar, ba ta ƙara miƙa wa kowa aiki ba sai ta nuna masa inda ta tsaya.