Dodannin da Yaya Ta Saki

Ke, ta tashi! Wallahi Yaya ta tashi! Ɗazun nan ta ce a ba ta shayi, da muryarta ta ainihi, har ta harare ni wai na cika sukari. Ban taɓa jin daɗin harara irin ta yau ba. Matso ki ji. Kwana tara ban zo makaranta ba, na san an ce muku zazzaɓi take yi. Ba zazzaɓi ba ne.

Kin san gem ɗin nan nata, na kiwon 'yan dodanni a haɗa su faɗa? Akwai gasa ta intanet ranar Asabar, ita kuwa tun da ta gama jarabawa ba ta da aiki sai shi. Kuma ba kowane dodo ake shiga gasa da shi ba. Kowanne da abin da aka haife shi da shi, gudu ne, ƙarfin duka ne, juriya ce. Uwa da uba su yi ƙwai, ki yi ta yawo da shi har ya fashe, ki duba lambobinsa. In gudunsa ya gaza ko da ɗigo ɗaya, sai ki danna saki, ya tafi, ba ya dawowa. Yaya ta ƙyanƙyashe sama da ɗari uku. Ina kwance kusa da ita ina ji.

"Rago." Ta danna. "Kai ma rago." Ta danna.

Na ce, "Yaya, ina suke zuwa in kin sake su?"

Ta ce, "Gidan ubanki."

Ubanmu ɗaya fa.

Daga ƙarshe ta samu wanda komai nasa ya cika, ta sa masa suna Guguwa. Sati biyu tana kai shi wata ciyawa yana bugun wasu 'yan tsuntsaye iri ɗaya, don su ne ke ƙara gudu, tana jan layi a bayan littafina na lissafi kada ƙidaya ta ɓace mata. Ranar da ya kai ƙarshe har rawa ta yi a tsakar gida.

A ranar ne kuma abin ya fara.

Rana ta faɗi, an gama kiran magariba. Mama ta rufe keken ɗinkinta tana tsintar zare a ƙasa, Baba bai dawo daga gareji ba. Unguwa ta yi tsit, irin tsit ɗin da ko kare ba ya haushi. Sai muka ji ƙwal a kan kwano. Mama ta ce yaran maƙwabta ne. Sai ƙwal. Sai ƙwal. Ba jifan yara ba ne, a hankali ake saki, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga wani abu. Na fita na ɗauki ɗaya. Ɗan dutse ne sumul, kuma da ɗuminsa kamar yanzu kaza ta tashi daga kai.

Washegari Mama ta ɗauki ƙwai za ta soya, ta ji shi sakayau. Kiret guda, ko ɗaya bai fashe ba, kuma ko ɗaya ba komai a ciki.

Da magariba ta sake yi, sai kuka ya taso daga tankin ruwa na bayan kicin. Siriri, da yawa, ya haɗu da juna. Mama ta ce kyanwa ce ta haihu. Ni kuwa na san kukan. Shi 'yan dodannin Yaya suke yi in sun fito daga ƙwai.

Muka shiga ɗaki muka tarar da Yaya zaune ta fuskanci bango. Ta naɗe hannuwa a ƙirji tana jijjiga, kamar mai lallashin jariri. Mama ta kira ta sau uku. A na ukun ta juyo, ta ce, "Ku yi shiru, yanzu na samu suka kwanta."

Ke, muryar tsohuwa ce.

Daga nan ba ci ba sha sai an ɗura mata. An kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce lafiyarta ƙalau. Baba ya kulle gem ɗin a durowa. Kullum da safe sai ta yi kamar mai barci, rana tana karkata sai ta tashi ta fara jijjiga. Na daina zuwa bayan kicin. Ko alwala sai Mama ta tsaya mini a baya.

Jiya Baba ya zo da Malam, wani dattijo da yake gyara wa mota, mai magana a hankali. Ya zauna a kan darduma bayan la'asar, ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Hasken taga yana ja da baya yana karatu. Da inuwa ta cika ɗakin, sai Yaya ta yi wata dariya da ta sa Mama ta damƙe hannuna.

Malam ya ce, "Wace ce ke?"

"Mai wurin. Ina nan tun kafin su kafa tanki a kaina."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta cika mini gida da jarirai. Tana fasawa tana jefo mini. Ko ido ba su gama buɗewa ba."

Baba ya kalli Mama, Mama ta kalli Baba. Sai na ce, "Malam, na gem ne." Na yi masa bayani, Baba ya miƙo mini mabuɗin durowa na ɗauko. Malam ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baiwar Allah, waɗannan ai zane ne."

"Zane ne yake hana ni barci wata uku? Zane ne yake cizon zanena? Ku ba ku taɓa tambayar inda abin da kuka yar yake faɗawa ba."

"To me kike so?"

"Babban. Wanda ta ciyar ya ƙoshi. Ya zo ya tsare ƙannensa in huta. In ba haka ba, ita zan riƙe ta yi mini reno."

Malam ya cire tabarau. Ya ce, "Ba a ba ku komai a gidan nan. Wanda aka ba yau, gobe zai dawo da ƙoƙo. Alƙawari ɗaya zan ɗaukar miki, ba za ta sake sakin ko ɗaya ba. Ki fita."

"Na cikin gidana fa?"

"Ki fita."

Ya ci gaba da karatu. Duwatsu suka dawo kan kwano, yanzu ba ɗaya ɗaya ba. Kukan tankin ya shigo har cikin ɗaki. Yaya ta sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, numfashinta yana fita da ƙyar kamar ana ja da igiya. Leɓenta ya yi fari. Mama tana kiran sunanta tana kuka, Baba ya danne mata ƙafafu, gumi yana ɗiga daga gemun Malam.

Ni kuwa ina bayan ƙofa, gem a hannuna. Ba wanda yake kallona.

Na buɗe akwatin da take ajiye dodanninta a cikin gem ɗin. Ga Guguwa yana tsalle, bai san komai ba. Na danna saki. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ɗaga kai, sai na ga idon Yaya a kaina, duk da yadda wuyanta yake. Ba Yaya ce take kallona ba. Jira take.

Na danna.

Yaya ta yi atishawa sau uku, ta faɗi a jikin Mama. Kwano ya yi shiru. Tanki ya yi shiru. Malam ya shafa addu'a, ya ce alhamdu lillahi ta fita, a ba yarinya ruwa.

To ni ban sani ba, karatun Malam ne ko abin da na yi. Wataƙila da na ƙara haƙuri kaɗan da ta fita da kanta. Amma ba ki ga leɓen Yaya ba.

Ba ta tuna komai. Ɗazu bayan ta sha shayin ta ce, "Auta, yau wace rana?" Na ce Laraba. Ta yi murmushi, ta ce, "Da saura kenan kafin gasar. Ki sa mini gem ɗin a caji, kin ji 'yar gari."

Na ce to.

Don Allah, don girman Allah, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko 'yar bencinmu, kin san bakinta. Malam ya ce kar a ba da komai, in Baba ya ji na kaɗe. Yaya kuwa ko kofi ba ta iya riƙewa da hannu ɗaya. Ki bari ta ci abinci kwana biyu. In ta samu ƙarfin da za ta dake ni, ni da kaina zan kai mata bayana.