Sunan da Kibod Ya Ƙi Mantawa

Ranar kasuwar Char Fasson ce, garinmu na bakin kogi, ruwa ya ɗauke ke nan, Sohrab ya shiga shagon wayoyin Dulal da ƙarnin kifi a jikinsa. A bakin kanta ya tarar da ita, lema a naɗe, littattafan 'yan aji a ƙirji. Tohura ce, 'yar Jabbar Haoladar dillalin shinkafa, mai koyar da 'yan firamare. Ta waigo sau ɗaya saboda ƙarnin. Ta sake waigowa, wannan karon ba don ƙarni ba.

Ina shagon ranar, kuma ku yarda da ni, na san kallo. Wanda ya kwana biyu rungume da kan dabino a guguwar shekarar saba'in, yana kallon ƙauyensu na wucewa a ruwa, ido ba ya yi masa ƙarya.

Dulal, gashi ya sha mai, sai zuba mata bayani yake, yana kiran ta Apa, wato Yaya, don girmamawa.

"Apa, kibod uku ne a duniya, sauran tarkace. Na farko haruffanmu ne zube, babu mai taimakonki, sai ki nemo kowanne da kanki. Na masu son wahala ne. Na biyu shi ne a wayata. Yana riƙe kalmomin da kika saba rubutawa, kina taɓa harafi yana miƙo miki saura. Kwana uku ya san zuciyar mutum."

"Na ukun fa?"

Dulal ya saci kallon Sohrab. "Na uku magana ake yi masa ya rubuta. Na waɗanda hannunsu kullum a jiƙe ne."

Ta zaɓi na biyu. Da za ta fita ta tsaya gaban Sohrab, ta tambayi kuɗin kifin ilish, ta faɗa masa lambarta, wai in an sami manya ya sanar da ita. Bai rubuta ba, a ka ya riƙe.

Tana fita Sohrab ya miƙa wa Dulal wayarsa, ya kira shi Bhai, wato ɗan'uwa. "Dulal Bhai, sa min na ukun. Ka kuma sa wayar ta riƙa karanta min saƙo."

"Ai na sani," in ji Dulal. "Wa za ka rubuta wa, kifi?"

A aji biyu Sohrab ya bar makaranta, ranar da kogin Meghna ya ci mahaifinsa. Amma baki Allah ya ba shi. Kashegari ya laɓe bayan gidan ƙanƙara, ya kara wayar a leɓe, ya yi magana, wayar ta rubuta:

"Apa, an sami manya masu ƙwai. Na ɓoye miki biyu a ƙasan ƙanƙara, yadda na ɓoye abin da na gani jiya a shagon Dulal."

Amsa ta zo, wayar ta karanta masa da muryarta ta ƙarfe: "Me ka gani, mai kifi?"

"Na ga abin da ya sa na cuci kaina a awo yau har sau uku."

Daga nan sunan Apa ya faɗi, ta koma Tsuntsuwata. Shi kuma ya zama Mai kifina. Wata shida suna haka.

"Tsuntsuwata, ruwa ya janye ya bar jirage kwance a laka. Haka nake in kin yi shiru."

"Mai kifina, wa ya koya maka rubutu haka? Na karanta sau biyar, har hedimasta ya tambaye ni ko lafiya."

Nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Ya kara wayar a baki, ya sauke, ya sake karawa. Abin da ya fito shi ne, "Ke kika koya min."

To, Jabbar Haoladar yana da rantsuwa, kowa a garin ya san ta. Yana saurayi aka sa shi dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, gonar ubansa ta tafi. Tun ranar ya rantse 'yarsa ba za ta auri mai dangwala yatsa ba. Dulal ma ya san rantsuwar, kuma shi ma ya aika manyansa neman Tohura.

Sohrab kuwa da ya aika nasa manyan, aka ce ya zo da kansa bayan sallar Juma'a. Ya sa farar riga ta aro, ya riƙo ilish biyu. A barandar gidan ya tarar da dattawa ana shan shayi ana taunar ganyen pan, ga Dulal zaune a gefe yana kaɗa ƙafa.

"An ce ka iya rubutu," in ji Jabbar.

"Ina tura saƙo, Chacha," in ji Sohrab, wato Baffa.

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Chacha, kawo in duba masa wayar, tana da ɗan ciwo," in ji Dulal, ya zare ta daga aljihun Sohrab kamar tasa. Ya danna nan, ya danna can, ya cire kibod mai jin magana, ya bar na farkon nan. Ya miƙa masa da hannu biyu. "Sunan yarinyar kawai. Ba wa'azi aka ce ka rubuta ba."

Sohrab ya dubi allon. Haruffa sun yi masa cincirindo kamar ƙananan kifi a raga, bai san kan ko ɗaya ba. Gumi ya jiƙa rigar aro. Ya danna abin da yatsa ya faɗa a kai.

Jabbar ya karɓi wayar, ya juya ta, don shi ma bai san gabanta da bayanta ba. Ya kira 'yarsa daga bayan labule.

Tohura ta fito tana murmushi. Ta dubi allon, murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallo.

"Karanta mana," in ji uban.

"Babu suna a nan, Abba. Kaza ce ta bi ta kai." Ta juyo ga Sohrab. "Ashe wata shida da inji nake hira."

"Maganata ce, Tohura. Duk daga bakina..."

"Na tambaye ka wa ya koya maka. Me ka ce min?"

"Sohrab Bhai, yi wa wayar magana mana, ko ta tausaya maka," in ji Dulal. Barandar ta kwashe da dariya, har wani dattijo ya ƙware da pan.

Jabbar ya ɗauki kifin nan biyu ta wutsiya ya wurga tsakar gida. Kyanwoyi suka yi kansu. Sohrab ya sa takalmansa ya bi ta tsakaninsu ya fita.

Kafin la'asar labari ya isa bakin kogi. Masunta suka sa masa Hedimasta. In ya zo awo sai wani ya miƙo masa guntun jarida, "Hedimasta, duba mana, gobe za a yi ruwa?" Ni ma na faɗa sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Ni ban taɓa zama a aji ba, na binne sa'o'ina masu karatu fiye da goma, amma ban taɓa cewa na iya abin da ban iya ba.

Sai watanni biyun nan suka shigo da gwamnati ke hana kamun kifi. Jirage suka kwanta. Sohrab ya sayi littafin 'yan aji ɗaya, ya kai wa yayarsa Monowara, wadda mijinta ya rasu, ita ta kai aji biyar. Ba ta da haƙuri ko na sisi.

"Gardi da gemu, harafi ɗaya kwana uku? Miƙo hannun." Ta buga masa ludayi a gaɓar yatsu.

"Apa, a sa min mai miƙo kalmomin nan mana, ya fi sauƙi."

"Sauƙi ne ya kai ka inda kyanwa ta ci sadakinka. Na wahalar za ka koya."

Yatsunsa sun saba da igiya da ƙanƙara, kowanne ya kai faɗin haruffa biyu. Ya danna, ya goge, ya danna. Ran nan, daga azahar zuwa la'asar, ya haɗa saƙo ɗaya ya tura:

"Ni na rubuta. Da hannuna. Ki yafe."

Ta gani. Ba ta amsa ba. Bayan mako guda ya ji an sa ranar baikonta da Dulal.

Dulal da kansa ya zo bakin kogi, an buɗe kamun kifi ke nan. "Ilish ashirin nake so na walima. Kuma kai za ka kawo da kanka, Hedimasta, ka san gidan ai."

Ya kai. Aiki aiki ne. Yana tsaye bakin ƙofa da kwando a ka, ruwan ƙanƙara na bin wuyansa, ya hango ta zaune cikin jan sari tsakanin mata. Liman na nan, dattawan nan na ranar ma suna nan. Parul, 'yar ƙanwar uwar Tohura, tana zagayawa da faranti, idanunta a kumbure.

Za a sa zobe ke nan Tohura ta ɗaga kai.

"Abba, an gwada wancan a gaban jama'a. A gwada wannan ma."

Dulal ya yi dariya, ya fito da wayarsa, kafin a ƙifta ido ya rubuta sunanta ya ɗaga sama.

"Ka iya. Ba ni wayar."

Ta karɓa, ta rubuta kalma biyu, ta tsaya. Ta miƙa wa ƙanwar uwarta, uwar Parul, mai alfahari da karanta jarida.

"Khala, na rubuta 'Rabin raina'. Karanta mana sunayen da kibod ɗin ya miƙo a sama."

Matar ta gyara tabarau, ta ɗaga murya. "Shiuli. Nasrin. Par..."

Farantin ya suɓuce daga hannun Parul, kofuna suka tarwatse.

"Kai ka ce kwana uku ya san zuciyar mutum," in ji Tohura. "Wata biyu kana nemana, ko layi ban shiga ba."

Dulal ya fara rantse-rantse, wai wayar ce ke da ciwo. Wani dattijo ya ce, "To duba ta mana, ai kai ne likita." Dariyar da aka yi wa Sohrab, ita aka juye masa, da ƙari. Ya fita ba takalmi ɗaya. A ciki kuwa ana jin saukar mari, uwar Parul ta ja 'yarta ɗaki.

Tohura ba ta ko waiga ba. Ta nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ga mai kifi can, Abba. Ya ce ya koya. Ni ban yarda ba."

Sohrab ya sauke kwandon, ya goge hannu a zaninsa. Jabbar ya sa liman ya duba wayar, ya tabbatar babu mai jin magana, babu mai miƙo kalma. Sannan ya tsaya a kansa.

Shayi ya huce. Ƙuda suka taru a kan kifi. Wata mata ta ce a kawo masa tabarma, da alama kwana zai yi. Yatsan nan mai kauri yana tafiya yana dawowa, harafi bayan harafi. Da ya gama ya miƙa.

"Ba 'yata za ta karanta ba," in ji Jabbar. "Liman."

Liman ya karanta: "Tohura, 'yar Jabbar Haoladar."

Jabbar ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallonta. Ya sunkuyo, ya rage murya yadda sai na kusa suka ji, ni kuwa ina kusa. "Wanne ne nawa a ciki?"

Sohrab ya nuna masa. Tsohon ya ɗora babban yatsansa a kan sunan. Can ya ce, "A dafa kifin nan. An riga an tara mutane."

Da yamma, kafin magariba, aka bar su su yi magana a bakin tafkin gidan.

"Kin ce kaza ce ta bi ta kai."

"Kaza ce ai. Kada ka jira in ba ka haƙuri."

"To me ya dawo da ke?"

Ta miƙa masa wayarta. "Na goge lambarka, na goge saƙonninka. Amma duk sanda na rubuta 'ina' sai abin nan ya miƙo min 'Mai kifina'. Ko hedimasta zan rubuta wa. Shi ya sa na ce bari in ji abin da na Dulal ya riƙe."

"Tsuntsuwata."

"Rubuta shi. Na daina karɓa da baki."

"Zai kai gobe."

"Ina da lokaci."

Bayan wata guda aka ɗaura. Parul ba ta ga bikin ba, an tura ta Dhaka ɗinki a masana'anta, kuma babu wanda ya sake ambaton ta. Dulal yana nan a shagonsa, gashi na shan mai, sai dai yanzu kibod na farko yake yaba wa mutane.

Ranar ɗaurin aure, da aka buɗe littafin rajista, mai rajistar ya turo wa ango tawadar dangwale bisa sabo. Sohrab ya ture ta gefe, ya karɓi biro. Ya ɗauki lokaci, babu wanda ya yi dariya. Da aka zo kan uban amarya, Jabbar ya jawo tawadar nan gabansa, ya dangwala, ya dubi baƙin yatsansa, ya dubi sa hannun surukinsa a sama da shi.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku 'ya'yan da babu mai miƙo musu takarda su dangwala."

Muka ce amin. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.