Amanar Ɗaki Sha Huɗu

Ranar da ya fara shigowa otel ɗin, tana tsaye bayan kantar karɓar baƙi tana jera katunan buɗe ɗakuna. Mai Makulli abokan aikinta ke kiranta, don shekara uku ke nan ita ke karɓar baƙi. Ta ɗago ta ga saurayi dogo, bayansa wata mata sanye da baƙin tabarau, ta ja mayafi ta rufe kumatu.

"Ɗaki ɗaya nake so, da sunana," in ji shi a hankali. "Yayata ce za ta zauna. Mijinta na nemanta, shari'arsu tana kotu. Don Allah, ko wa ya zo tambaya, ba ki gan ta ba."

Mayafin ya ɗan zame, Mai Makulli ta ga kumburin duka a kumatun.

"Malam, abin da ya shiga kwamfutar nan ba ya fita. Doka ce, kuma amana ce." Ta miƙa masa katin ɗaki sha huɗu.

Saurayin injiniyan ruwa ne. Kullum da azahar sai ya kawo wa Yaya abinci, ya tsaya gaban kantar Mai Makulli yana tambayar abin da ya riga ya sani. Yau ƙarfe nawa ake gyara ɗaki, gobe ko lif na aiki. Mai Makulli ma ba yarinya ba ce, ta gane inda aka dosa. A wayarta ta ajiye lambarsa da suna Sha Huɗu.

"Mai Makullina," ya rubuto mata wata safiya, "na zo neman mafaka wa Yaya, ga shi ni na rasa hanyar fita. Ki ba ni izini in aiko manya."

"Sha Huɗu, ka cika zumuɗi," ta amsa. "Amma ƙofar Abba a buɗe take."

To, ashe akwai mai kallo. Mataimakin manaja ya daɗe yana bin ta, ita kuma ta daɗe tana ba shi haƙuri. Ma'aikatan kantar kuwa suna da wata ɗabi'a: kwamfutar tana da nauyin buɗewa, don haka in mutum zai je salla ba ya rufe shafinsa, sai ya kifa wani fayil a kan madannai ya tafi. Kowa haka yake yi. Ita ma haka ta yi ran nan da la'asar.

Minti goma ya ishi mataimakin manajan. Ya buga takardar ɗaki sha huɗu, ya haɗa da hoton kyamarar tsaro, Injiniya riƙe da hannun wata mata a bakin lif. Ya kai wa Abba, mahaifinta, ɗaya, ya watsa ɗaya a waya.

Abba ya ajiye takardar a gabanta.

"Wannan ne mutumin kirkin? Wata biyu yana ajiye da mace a wurin aikinki! Wace ce ita?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da aurenta. Ta buɗe baki, sai ta tuno kumatun nan da ya kumbura.

"Abba, ka gafarce ni. Ba zan iya faɗa ba."

"Ni kike ɓoye wa? To, babu ke babu shi."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta faɗa ba. Sai dai shirunta bai hana komai ba. Hoton ya yi yawo har ya kai ga mijin Yaya. Bayan kwana biyu mijin ya diro otel yana zage-zage, yana dukan ƙofar ɗaki sha huɗu, da ƙyar masu gadi suka fitar da Yaya ta ƙofar kicin.

Da yamma saƙon Injiniya ya shigo.

"Lambar aikinki ce a ƙasan takardar. Na ba ki amanar Yaya. Allah ya isa ban ce ba, amma kada ki sake kirana."

Wayyo, wannan ya fi maganar Abba ciwo. Ta kira sau bakwai, bai ɗauka ba.

Injiniya ya kai otel ɗin ƙara kan tona sirrin baƙo. Manaja ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa.

"Ki ce kin rufe shafinki, ba ki san komai ba. Lauyanmu zai ce takardar bogi ce. Ki yi wa aikinki gata."

Ranar shari'a ta tsaya a akwatin shaida. Injiniya yana zaune a gaba, ko kallonta bai yi ba.

"Ban rufe ba, ranka ya daɗe," ta gaya wa alƙali. "Babu mai rufewa a cikinmu, kuma hukumar otel ta sani. Na tafi salla ƙarfe huɗu da kwata. A duba kyamarar da ke kallon kantar, za a ga wanda ya zauna a kujerata. Sakacin nawa ne, tonon ba nawa ba ne."

Aka duba, aka gani. Alƙali ya ce sirrin baƙo ajiya ce a hannun otel, idan ma'aikaci ya ɓarar da ita, otel ne ya ɓarar. Ya umarci su biya diyya, su nemi gafarar Yaya a rubuce. Aka kori mataimakin manaja. Ita ma, ba a yi mako ba, aka ba ta takardar sallama.

Tana zaune a tsakar gida ba aiki ba masoyi, sai ga sallama. Yaya ce, babu tabarau, kotu ta raba aurenta. Ta durƙusa gaban Abba.

"Baba, ni ce matar ɗaki sha huɗu. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yarka ta rufa mini asiri lokacin da nake gudun ceton rai."

Abba ya juyo ga 'yarsa.

"Ashe kin sani tun farko? Kika bar ni na yanke hukunci a kan ƙarya?"

"Abba, kai ka koya mini ba a buɗe ajiyar wani, ko don kai."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya share ido da gefen riga. Wayarta ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida, kunya ta hana ni shigowa. Na zarge ki alhali ke ce kaɗai kika riƙe. Mai Makullina, za ki buɗe mini?"

Ta share hawaye, ta rubuta: "Ɗaki sha huɗu ya cika. Sai dai ka tambayi Abba ko akwai wani."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa addu'a, Abba ya kama hannun ango ya riƙe gam.

"Ta riƙe amanarku har ta rasa aikinta, ta kusa rasa ka. Yau ga tawa na ba ka. Ka riƙe ta kamar yadda ta riƙe taku."

"In Allah ya yarda, Abba," in ji ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Daga cikin gida, muryar Yaya ce ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin.