Tafintan Bakin Kogi

A wani ƙauye da ke bakin kogi, an yi wani mutum da ya taɓa zaman birni ya tsinto Turanci. Da ya dawo sai ya zama tafintan gari. Kome aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Na gane sarai."

Wata rana da damina, sai ga baƙo ya sauko daga kwalekwale yana haki. Ba ya jin Hausa, Faransanci yake yi. Aka kira tafinta gaban mai gari.

Baƙo ya yi ta magana yana nuna ruwa. Tafinta ya ji kalmomi masu kama da na Turanci, amma ya kasa kama ma'anarsu. A ƙauyen gaba akwai wata tsohuwa mai jin harshen, amma ya ji kunyar a ce bai sani ba.

Mai gari ya ce, "Malam, me yake cewa?"

"Ranka ya daɗe, na gane sarai. Yabon koginmu yake yi."

Aka kawo wa baƙo fura. Ya ture ƙwaryar, ya koma kwalekwalensa yana hawaye.

Kashegari kogi ya yi ambaliya. Ya cinye gonaki, ya rushe rumbuna, ya tafi da awaki. Mutane suka taru a kan tudu, sun jiƙe sharkaf, yara na kukan yunwa.

Mai gari ya dubi tafinta ya ce, "To, yanzu mu ma mun gane sarai."

Tafinta ya buɗe baki zai yi magana. Ba wanda ya tsaya ji.