Garin Sabulu a Tankin Tsohuwa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, autar gidansu. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba ta, amma taurin kai ya fi yawa. Kafin ka gama yi mata bayani ta ce, "Na sani." Ni dai ban taɓa ganin mai kafiya irin Auta ba.

Babanta yana da wata mota da ta girmi Auta nesa ba kusa ba. A gida ana kiranta Tsohuwa. Ƙofarta ta baya sai an ɗaga take rufuwa, amma Baba ba ya yarda a raina ta.

Wata Asabar, bayan sun wanke motar, Baba ya buɗe bonet. Ya nuna wa Auta wani farin tanki na roba.

"Nan ake zuba ruwan wanke gilashi," in ji shi. "Ki cika shi da ruwa mai tsabta. Ruwa zalla, kin ji?"

"Na sani, Baba."

Baba yana shiga gida, Auta ta taɓe baki. Ruwa zalla zai wanke me? Ai ko kwano sai da sabulu. Ta ɗebo garin sabulun wanki cike da tafin hannu biyu, ta zuba a tankin. Ta juye sauran ruwan bokiti a kai, har da yashin da ya kwanta a ƙasa. Ta rufe tana murmushi, wai ita ta fi Baba dabara.

Kwana biyar sabulun nan yana kwance a gindin tanki, yana daskarewa.

Ranar Alhamis ce ranar gasar lissafi, kuma Auta aka zaɓa ta wakilci makarantarsu. A wata makaranta mai nisa za a yi. Malamarsu ta ja mata kunne tun ranar Laraba: ƙarfe tara za a rufe ƙofar zaure, wanda bai iso ba an cire shi.

Suka fita da wuri, ana yayyafi. Suna tsakiyar hanya, wata babbar mota ta wuce su, ta watsa wa gilashin gaba taɓo. Baba ya ja sandar da ke gefen sitiyari don ruwa ya feso. Ko ɗigo bai fito ba. Waifa mai share gilashi kuwa ta dama taɓon, gilashi ya rufe ruf.

Baba ya gangara gefen titi a hankali, ya tsaya. Ya gwada na gilashin baya. Shi ma shiru. Ya fita ya goge taɓon da tsumma.

"To, Baba, mu tafi mana. Ai ka goge."

"Wata motar za ta sake watso mana," Baba ya ce. "Ba na tuƙi a makance, ko gasar duniya ce. Ja sandar nan, zan saurara."

Auta ta ja. Wani abu ya yi ƙugi a ƙarƙashin bonet.

"Kin ji? Famfon da ke tura ruwan yana aiki, fis ɗin wutarsa bai ƙone ba ke nan." Ya leƙa tankin. "Ruwa ma ga shi a cike. Mai tsabta kika zuba, ko?"

Auta ta ɗaga kai. "Eh mana."

"To, ba daga tanki ba ne."

Baba ya shiga bin siririn tiyon da ke kai ruwa gilashi. Yana dubawa ko ya lanƙwashe, ko ya tsage. Ya bi na gaba har ƙarshe. Ya buɗe but, wurin sa kaya a bayan motar, ya bi na baya. Ruwan sama ya jiƙa masa riga sharkaf, ƙarfe ya yanke shi a yatsa. Auta tana zaune tana kallon agogon mota. Takwas da kwata ta wuce. Takwas da rabi ta kusa.

"Abin da mamaki," Baba ya ce. "Gaba da baya su ƙi a rana ɗaya? Sai dai mu jira bakanike. Gasa kuma sai baɗi."

Auta ta diro daga mota, ranta a ɓace.

"Laifin Tsohuwa ne. Mota ta tsufa, kullum da abin da zai lalace."

Baba ya dube ta.

"Shekara ashirin muna tare da Tsohuwa," ya ce. "Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Maganar nan ta soki Auta. Ta kalli yatsan Baba da ke jini, kunya ta rufe ta. Duk da haka sai da ta turo baki kafin ta yi magana.

"To, na zuba garin sabulu. Da ruwan bokiti. Ai don gilashi ya ƙara haske na yi."

"Da kin faɗa tun ɗazu, da yanzu muna ƙofar makarantar."

Auta ta share ido da bayan hannu. Ta naɗe hannun rigarta.

"Ni na toshe, ni zan buɗe. Ba za a cire ni ina zaune ba. Nuna mini, Baba."

Karo na farko ke nan da ta ce a nuna mata abu.

Baba ya nuna mata famfon, a manne a gindin tanki. Wurin ya matse, hannunsa ba ya shiga da kyau, amma nata ya shiga. Ta murɗa, ta zaro. Wani farin ruwa mai kauri ya tsiyayo, ya ɓata mata riga. A bakin famfon akwai 'yar raga mai tace datti. Sabulu da yashi sun liƙe ta gaba ɗaya.

Baba ya ɗauko jarkar ruwan da yake ajiyewa a but. Auta ta wanke ragar, suka ɗauraye tankin sau biyu, suka mayar da famfo, suka cika da ruwa zalla.

Baba ya ja sanda. Ruwa ya ɗan tsartu ta gefe ɗaya kawai.

"Ramukan feshi ma sun toshe," in ji Baba. "Kina da wani abu mai tsini?"

Auta ta cire fil ɗin da ta maƙala tambarin makaranta a rigarta da shi. Ta tsokale ƙananan ramukan da ke kan bonet ɗaya bayan ɗaya. Ta zagaya ta tsokale na baya.

Baba ya sake ja. Ruwa ya feso a gilashin gaba, fes. Na baya ya yi jinkiri, don tiyonsa ya fi tsawo, sannan ya tofo farin kumfa, ruwa ya biyo.

Saura minti biyu tara suka iso. Maigadi ya riga ya kama ƙofar zaure. Auta ta kutsa da gudu, riga duk farin tabo.

"Ke kuma me ya same ki?" Malama ta tambaya.

"Laifina ne, Malama. An ce in zuba ruwa zalla, na zuba sabulu, kuma na ɓoye."

"Je ki zauna. Kya ba ni labari daga baya."

Auta ta zo ta biyu a gasar. A hanyar komawa gida ta ɗora takardar yabonta a gaban mota, ta shafa kujera.

"Ki yafe ni, Tsohuwa. Kai ma, Baba."

Baba ya yi dariya. "Ta yafe. Me kika koya?"

"In ban gane dalilin abu ba, in tambaya kafin in yi gaban kaina. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri. Sabulun bai ci mana lokaci kamar ƙaryar ba."

Tun daga ranar, duk Asabar Auta ce mai cika tankin Tsohuwa, kuma ruwa zalla take zubawa.